Kafin a Sayar da Masara Don Cire wa Yaro Haƙorin Hankali

Tsakanin shekara 17 da 25 ne turame huɗu na ƙarshe suke fitowa a bakin mutum, biyu a sama biyu a ƙasa, can ƙurya bayan sauran haƙora. Su ake kira haƙoran hankali. Wasu sukan fito lafiya ƙalau har mai su bai san ranar da suka fito ba, wasu mutanen ma ba a halicce su da su ba. Amma a bakin samari da 'yan mata da yawa haƙora 28 sun riga sun cika muƙamuƙi, sai na ƙasa ya rasa wurin tsayawa: ko ya leƙo rabi dasashi ya rufe rabi, ko ya kwanta ya tokare turmin da ke gabansa, ko ya maƙale cikin ƙashi gaba ɗaya. A nan ne magidanci a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa yake wayar gari da yaro mai kumburarren kunci, wanda ya kasa buɗe baki ya ci tuwo, alhali babu wata inshora da za ta biya masa ko kwabo. Matsayina a wannan jagora ɗaya ne. Kuɗin farko da ya kamata ya fita daga aljihunka shi ne na ganin likitan haƙori da ɗaukar hoto, tun a kumburin farko. Wannan ɗan kuɗin ne zai nuna ko za a cire haƙorin, da guda nawa za a cire, da inda za a yi aikin, da lokacin da za a yi shi, kuma waɗannan huɗun su ne suke raba aikin da gida zai iya ɗauka da wanda zai kai ga jinginar da gona.

Tun kafin komai, ka tabbata da gaske ne babu inshorar, domin wasu suna da ita ba su sani ba. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta wa kowa shiga tsarin, kuma Jihar Kano tana da nata tsarin taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, wanda aka yi dokarsa a 2016. Duk da haka alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye, kuma manomin masara da mai gyaran shinkafa da ɗan tireda suna cikin masu biyan. Har ma'aikacin gwamnati bai tsira ba. A tsarin ma'aikatan tarayya, katin ma'aikaci yana ɗauke da shi da iyalinsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, wato daidai lokacin da haƙorin hankali yake fara motsi ne yaro yake faɗowa daga katin ubansa. Idan kai ma'aikacin jiha ne ko na ƙaramar hukuma, ka tambayi iyakar shekarun da katinka ya yarda da su, kuma idan ɗanka yana shekara 17 yana kukan ƙuryar baki, kai shi yanzu. Idan kuwa ɗalibi ne a jami'a ko kwaleji, makarantu da yawa suna haɗa kuɗin inshorar ɗalibai, TISHIP, cikin kuɗin rajista, sai ya je asibitin makaranta ya ji abin da ya hau kansu. Mai shirin yin rajista sabuwa kuma ya sani akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki, kuma aikin da ya shafi yanka dasashi sai da takardar turawa daga asibitin farko. Rajistar tana da amfani ga aikin da aka tsara nan da wasu watanni. Ciwon da ya hana barci daren jiya kam, aljihu ne zai ji da shi.

Tambayar da ta fi kowace rage kuɗi ita ce: dole ne a cire? A watan Maris na 2000, hukumar NICE, mai tsara wa asibitocin gwamnatin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce a daina cire haƙorin hankalin da ya maƙale matuƙar babu cuta a tare da shi. A Amurka al'adar ta bambanta, can ana yawan cire duka huɗun tun yaro yana sakandare. A 2007 wani likitan haƙori mai suna Jay Friedman ya yi lissafi a mujallar kiwon lafiyar al'umma ta ƙasar cewa ana cire kusan haƙora miliyan 10 daga bakin mutum miliyan 5 a kowace shekara, a kan kuɗi fiye da dala biliyan 3, kuma a ganinsa aƙalla biyu bisa uku na aikin ba a buƙatarsa. Masu tace binciken likitoci na Cochrane sun sake duba batun a 2020, suka ce hujjar da ke hannu ba ta isa a yanke cewa cire lafiyayyen haƙorin ya fi barinsa ba. Masu ra'ayin cirewa da wuri suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce: a ƙuruciya saiwar haƙori ba ta gama tsawo ba, ƙashi bai yi tauri ba, rauni yana saurin warkewa, sannan haƙorin da ya kwanta yana iya ruɓar da turmin da ke gabansa a ɓoye. Na yarda da wannan, shi ya sa barin haƙori a wurina yana nufin a riƙa kai shi ana dubawa. Ina kuma ganin mutumin Riruwai, wanda likitan haƙori yake masa nisa, yana da dalilin da ya fi na mutumin Landan na amincewa a cire haƙorin da ya leƙo rabi, ya karkace, yana tara abinci. Amma wanda yake kwance cikin ƙashi shiru, ko wanda ya fito miƙe buroshi yana kai masa, biyan kuɗin cire shi sayen haɗari ne da kuɗin da gida yake buƙata.

Ciwon da ya fi kai yara asibiti a wannan shekarun daga dasashi yake farawa. Fatar da ta rufe rabin haƙorin takan zama aljihu, guntun abinci ya shige, asuwaki da buroshi su kasa kaiwa, ƙwayoyin cuta su taru, wuri ya kumbura, baki ya yi wari, wani lokaci haƙorin sama ya riƙa dannar kumburin duk sanda aka tauna. A karon farko, idan abin bai tsananta ba, likita yakan wanke ƙarƙashin fatar, ya ba da maganin zafi da na kurkure baki, ya koya wa yaron yadda zai riƙa tsaftace wurin da ruwan ɗumi da gishiri. Ƙa'idar Ingila da na ambata ta ce kumburin farko mara tsanani bai isa dalilin cirewa ba, amma na biyu da abin da ya biyo baya ya isa. Sauran dalilan su ne ruɓewar da ba ta gyaruwa, da maruru a gindin haƙori, da ɓarnar da yake yi wa maƙwabcinsa, da jakar ruwa ko ƙari da hoto ya nuna a cikin ƙashi. Wani lokaci ma cire na sama kaɗai, wanda ya fi sauƙi da araha, yakan sauƙaƙa wa na ƙasa. Duk wannan ido da hoto ne suke rarrabe shi, mai kemis kuwa ba ya leƙa baki. Na san amsar da za a ba ni: Flagyl da amoxicillin na kwana biyar sun fi kuɗin mota zuwa Kano araha, kuma kumburin yana saɓewa. Gaskiya ne yana saɓewa, amma aljihun yana nan, bayan wata biyu ko uku ya sake cika. A haɗa kuɗin zagaye huɗu ko biyar na kemis, da ranakun makaranta ko na gona da aka rasa, za a ga an biya kuɗin hoton har da ƙari ba a ɗauke shi ba. Ga ƙwayoyin cutar suna sabawa da maganin, ga diclofenac da ake sha ba abinci yana cin ciki, ga tramadol da bai kamata ya shiga hannun saurayi ba. Kanumfari yana ɗan kashe zafi, man da ke cikinsa ma likitocin haƙori suna amfani da shi, sai dai ba ya warkar da komai. Asfirin da ake dannawa a dasashi, da ruwan batir, da fetur, ƙona nama suke yi, su ƙara wa likita aiki, su ƙara wa uba kuɗi.

Akwai halin da duk lissafin nan yake tsayawa. Idan kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa ko wuya ya yi tauri, ko ya haura wajen ido, ko yaro ya kasa haɗiye yawu, ko harshe ya ɗago, ko murya ta sauya, ko numfashi ya fara wahala, ko baki ya ƙi buɗuwa ga zazzaɓi mai zafi, to a nemi mota a wannan sa'ar, ko da bashi. Cutar da ke bazuwa ƙarƙashin harshe, wadda likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836, yawanci daga turamen ƙasa na baya take tasowa, kuma tana iya toshe maƙogwaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, don haka a je asibiti mafi kusa a fara ba da taimako, a karɓi takardar turawa. Irin wannan kwanciyar, da tiyata da allurai ta jijiya da kwanaki a gado, ita ce mafi tsadar duk hanyoyin da haƙorin nan yake bi, kuma galibi sai an yi watanni ana danne ciwon ake isa gare ta.

Inda za a yi aikin ya danganta da irin haƙorin. Na sama da ya fito sosai, likita yakan girgiza shi ya zare cikin 'yan mintuna. Na ƙasa da ya maƙale ƙaramar tiyata ce: a tsaga dasashi, a rage ƙashin da ya rufe shi da inji, sau da yawa a raba haƙorin gida biyu ko uku a fitar, a wanke, a ɗinke. Wannan sai cikakken likitan haƙori, da inji, da wuta, da kayan da aka dafa. Ka fara da babban asibiti mafi kusa, na Tudun Wada ko Doguwa ko Bebeji ko Rano, ka tambaya ko akwai likitan haƙori, da ranakun da yake zama, da ko suna ɗaukar hoto. Ka yi tambayar ta waya ko ta bakin ma'aikacin lafiyar garinku kafin ka hau mota. Idan abin ya fi ƙarfinsu, takardar turawa za ta rage maka yawo. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan Titin Zariya, ta ɓangaren da mutanen kudancin jihar suke shigowa birni, yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, kuma a nan ɗaliban haƙori na Jami'ar Bayero suke samun horo. Akwai Asibitin Murtala a cikin birni. Mutumin Kiru ko Kwanar Dangora ya auna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, mutumin Doguwa kuma ya auna Jos ta hanyar Saminaka, tun da Dajin Falgore kansa kusan kilomita 150 yake daga Kano. A tsara tafiyar yadda za a ratsa dajin da rana. Asibitin gwamnati yawanci ya fi mai zaman kansa sauƙin farashi, amma yana iya cin zuwa uku ko huɗu: ranar kati da dubawa, ranar hoto, ranar aiki, ranar cire zare. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin motar mutum biyu sau huɗu ba abin rainawa ba ne, har wani lokaci asibitin kuɗi mai rajista da zai gama komai a zuwa biyu ya zo daidai da na gwamnati. Jimilla ake kwatantawa da jimilla.

Hoton kansa iri biyu ne. Akwai ƙarami da ake sa wa cikin baki, mai nuna haƙori biyu ko uku, akwai babba mai nuna muƙamuƙin sama da na ƙasa a faifai ɗaya. Babban ya fi tsada, amma ga haƙorin ƙasa da ya nutse shi ne yake nuna kusancin saiwa da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Idan aka taɓa jijiyar, wurin yakan mutu na makonni ko watanni, a wasu 'yan ƙalilan kuma ba ya dawowa. Likitan da ya ga saiwa ta rungumi jijiya yana iya yanke kan haƙorin ya bar saiwar, ko ya tura ka wurin wanda ya fi shi ƙwarewa. Ka karɓi hoton, ka ɗauke shi da wayarka, ka ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba, don kada a sa ka biya sau biyu idan ka sauya asibiti.

Farashin da aka gaya wa maƙwabcinka bara ba shi ne na bana ba, saboda allurar kashe zafi da zaren ɗinki da safar hannu yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma tun faɗuwar naira a watan Yunin 2023 suke hawa. Abin da ba ya sauyawa shi ne sassan kuɗin, kuma su za ka nemi a rubuta maka a takarda tun ranar farko: kati da ganin likita, hoto, gwajin jini idan ana buƙata, kuɗin aikin na kowane haƙori, kayan aiki idan daban ake lissafa su, magani, da dawowa cire zare. Kai kuma ka ƙara da mota da abinci na yaron da ɗan rakiya, da wurin kwana idan babu ɗan'uwa a birni, sannan ka ware kamar kashi ɗaya bisa huɗu na jimillar saboda abin da ba a zata ba. Ka biya a wurin biyan kuɗi na asibiti ka karɓi rasit, kada ka damƙa wa wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana cewa zai sama maka layi. Babban abin da ke ɗaga kuɗi ko ya sauke shi shi ne irin allurar da za a yi. Yawancin haƙoran hankali, har waɗanda suka maƙale, ana cire su a kan kujera da allurar da ke kashe gefen baki, yaro yana farke, yana jin dannawa amma ba ya jin yanka, ya tafi gida ranar. Sa barci gaba ɗaya yana jawo kuɗin ɗakin tiyata da likitan barci da gwaje-gwaje da gado, yana kuma da nasa haɗarin, musamman ga mai sikila. Akwai inda ya zama dole, kamar haƙorin da ya nutse ƙwarai ko yaron da ba zai iya zama a natse ba, amma ka tambaya kai tsaye: Likita, za a iya yin wannan a kujera? Wani zai ce tun da an sha hanya gara a cire huɗun a huta. Idan hoto ya nuna huɗun duk suna da matsala, maganarsa tana da ƙarfi, kuma ko a nan ana iya yin gefe ɗaya, sama da ƙasa, a bar ɗaya gefen na tauna, a dawo bayan an warke an kuma sake tara kuɗi. Idan kuwa ɗaya ne mai ciwo, kuɗin ukun da suka rage ya fi kuɗin motar da ake son a yi tsiminsa, kuma kowane rami da aka buɗe yana da nasa haɗarin.

Mai cire haƙori na ranar kasuwa ya fi kowa araha, kuma ba na musun cewa yakan fitar da haƙorin da ya riga ya yi girgiɗi. Haƙorin hankalin ƙasa wani abu ne daban. Wanda ya kwanta a bayan wani turmi ba shi da hanyar fita sai an buɗe masa, mai filaya kuwa ƙarfi kawai ya sani. Abin da yakan biyo baya shi ne kan haƙori ya karye saiwa ta zauna, ko a fasa turmin gaba, ko muƙamuƙi ya tsage, ga kayan da aka yi wa wani aiki da su ba a dafa ba, waɗanda suke iya ɗaukar ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Daga nan sai asibitin da aka guje wa, da aiki biyu maimakon ɗaya. Ko a shago mai allo da farar riga kana da ikon tambaya ko mai aikin likitan haƙori ne da ke da rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN. Wanda yake da ita ba ya jin haushin tambayar.

Amfanin sanin gaskiya da wuri shi ne kai ne za ka zaɓi ranar biya. Da zarar likita ya ce a cire amma ba gaggawa, kana da makonni, wani lokaci watanni, muddin ana tsaftace wurin. Kowane manomi a Doguwa da Tudun Wada ya san masara da shinkafa sun fi arha da kaka, lokacin da kowa yake kai wa kasuwa, kuma a yawancin shekaru sukan ɗaga idan aka doshi bazara. Wanda ciwo ya kora kasuwa a watan Nuwamba yakan sayar da buhu biyu a inda ɗaya da rabi zai isa daga baya, kuma dillali yana gane mai gaggawa tun daga nesa. Haka dabba: rago ko ɗan akuya ya fi daraja gab da Babbar Sallah. Idan akuyar ta uwar yaron ce, dukiyarta ce, a nemi yardarta a kuma ɗauke ta a matsayin rance da za a mayar. Mai zubin adashi ya je wurin uwar adashi da takardar asibiti ya nemi a musanya masa ɗauka da wani, abin da aka saba yi wa mai haihuwa da mai biki. 'Yan'uwa kuma sun fi saurin buɗe hannu idan aka zo musu da adadi a rubuce da ranar aiki, aka ce wa kawu ga kason da ake nema gare shi, fiye da a ce musu kawai yaro ba shi da lafiya. A sa aikin cikin hutun makaranta, a kauce wa watannin WAEC da NECO da kuma azumi, tun da za a sha magani da rana. Idan 'yar ta riga ta yi aure, a zauna da mijinta tun farko a san wanda zai ɗauki me. Abin da nake roƙon a guje wa shi ne bashin ruwa, ko na mutumin gari da za a biya da amfanin gona, ko na manhajojin waya da suke ninka kuɗi cikin makonni su bi lambobin 'yan'uwa da cin mutunci.

Za a ce duk wannan shawarar mai rumbu ce, wanda ba shi da buhu ba shi da akuya fa? Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta share ta gaba ɗaya. A jihar da aka sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000 a ƙarshen 2024, kuma mafi yawan mutanen karkara ba su da albashin ma, akwai gidajen da kuɗin hoto kaɗai ya fi ƙarfinsu. Amma irin wannan gidan ne ya fi kowa buƙatar kada abin ya kai ga gado, kuma ƙofofin taimako da takarda ake buɗe su. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin jin ƙai da ke duba halin marasa galihu, yakan nemi rangwame ko ya haɗa mutum da masu taimako; sai an tambaya ake nuna shi. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa yana biya wa wasu masu rauni rajista, ana tambayar sa a asibitin mazaɓa. Fakiri da miskini da wanda bashi ya danne suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma a ƙasar noma kamar tamu lokacin fitar da zakkar hatsi sananne ne. A je wurin limami ko mai unguwa da takardar likita, ko a nemi Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha. Babu kunya a cikin wannan.

Bayan an biya, sai a tsare abin da aka biya. Kafin allura a gaya wa likita idan yaron yana da sikila, ko asma, ko ciwon suga, ko gyambon ciki, ko jininsa ba ya saurin tsayawa, ko wani magani ya taɓa yi masa illa, kuma idan 'ya ce mai juna biyu a faɗa tun kafin hoto. Idan a kujera za a yi, ya ci abinci kafin ya zo. Bayan aiki ya cije audugar da aka sa masa kamar rabin sa'a. A ranar farko kada ya kurkure baki, kada ya riƙa tofar da yawu, kada ya taɓa ramin da harshe ko yatsa, kada ya sha abu mai zafi, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne tushen warkewa. Idan ya fita, ƙashi ya bayyana, sai ciwo mai tsanani ya taso a kwana na uku zuwa na biyar, mai harbawa har kunne, kuma sai an koma an wanke an sa magani. Sigari da shisha suna cikin manyan masu jawo wannan, a ajiye su aƙalla mako guda. Daga rana ta biyu a fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane cin abinci. Kunu da koko da suka huce, da fura da nono, da fate, da ayaba sun isa abinci. Rake da goro da ƙashi su jira. Kumburi yakan kai maƙurarsa a kwana na biyu ko na uku sannan ya fara sauka. Farasitamol da ibuprofen a ma'aunin da likita ya rubuta sun isa yawancin mutane, kuma ka tambaya ko akwai irin maganin mai sauƙin kuɗi kafin ka sayi mai babban suna. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi bayan kamar mako guda, ka tambayi likita ko asibitin kusa da gida zai iya cirewa, ka huta da tafiya ɗaya. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danne shi, ko zazzaɓi, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, duk na komawa asibiti ne nan take.

Wani kaso na wannan kuɗin nisa ne yake jawo shi, shi kuma ba laifin iyaye ba ne. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da 'yan majalisar da ke wakiltar su, da su haɗa kai da hukumar asibitocin jiha a tabbatar da likitan haƙori mai ranakun zama sanannu, da injin hoto mai aiki, a asibitin da mutumin Riruwai zai je ya dawo a wuni ɗaya. Kai kuma mai yaro, idan ɗanka ko 'yarka ta kumbura a ƙuryar baki sau ɗaya, nemi ranar da likitan haƙori yake zama, ka kai ta a duba a cikin wannan watan.